Gadon Hidimar Ibada a Gaban Alƙali

Duk wanda ya zauna a Dutse ya san Limawa. Tana cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Dutse, sunan kuma ya zama jiki har ba a tsayawa a saurare shi. Amma kunnen Bahaushe in ya natsu zai ji liman a cikinsa, haɗe da ƙarshen nan da muke liƙa wa zuriya ko jama'ar wani wuri, kamar yadda muke cewa Kanawa ko Sulluɓawa. A birnin Zariya akwai Limanci, a Minna ma akwai wata Limawa. Sunaye irin waɗannan suna tuna mana cewa a ƙasar Hausa hidimar ibada ta daɗe tana zama a gida guda, daga uba zuwa ɗa, har unguwa ta ɗauki sunan aikin.

Tambayar da za mu bi a wannan darasi ita ce: idan uba ya yi hidimar ibada ya rasu, ɗansa yana da haƙƙi a kan wurinsa? In kuma an yi gardama, wa zai yanke, da wane ma'auni?

Bari mu fara da Kano, domin Dutse ta daɗe ƙwarai a ƙarƙashin Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe da labarin Barbushe, mutumin zuriyar Dala, wanda ya gaji sanin asirin Tsumburbura daga kakanninsa. An kewaye wurin tsafin da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai, an kuma gaskata cewa in wani ya shiga zai mutu. Ku riƙe wannan hoto, na wuri mai katanga da mutum ɗaya da jininsa ya ba shi izinin shiga, gama za mu sake gamuwa da shi nan gaba.

Da Wangarawa suka zo a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, sai al'amari ya sake. Littafin ya ce sarki ya sa Gurdumus ya zama limaminsa, Lawal ladan, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, Zaite kuma alƙali. A lura, sarki ne ya naɗa su, saboda abin da suka sani. Duk da haka har yau akwai unguwar Mandawari da ta Zaitawa a birnin Kano. Aikin da aka samu ta hanyar ilimi ya kafa gida.

A nan ya kamata mai hidima ya yi hankali, kada ya ɗauki liman a matsayin firist. A Musulunci babu zuriyar da aka keɓe don jan salla. Muhtasar na Halil, wanda malaman zaure suke karantarwa a faɗin ƙasar nan, ya jera waɗanda suka fi cancanta su shiga gaba: bayan mai mulki da mai gida, sai wanda ya fi sanin fiƙihu, sai hadisi, sai ƙira'a, sai yawan ibada. Nasaba tana cikin jerin, amma can baya take. To, ta yaya limanci ya zama na gado? Ta hanya mai sauƙin ganewa. Littattafai a gidan liman suke, almajirai a zaurensa suke zama, ɗansa ya tashi yana jin karatu tun bai iya ɗaura wando ba, ya girma ya zama na'ibi. Ran da uba ya kwanta dama, jama'a ba sa neman wani, sai su ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan Hausa saboda riƙe mulki ta gado da ƙarfi ba tare da shawara ba. Amma ba a yi shekaru masu yawa bayan jihadi ba sai ga sarauta da alƙalanci da limanci sun sake zama a gidaje sanannu. A Ilori har manyan limamai uku ne, na Fulani, na Imale, da na Gambari, kowane yana da gidajen da yake fitowa.

Gardama kan limanci takan taso a ƙasarmu, amma yawanci fada take zuwa. Sarki ne yake naɗa limamin Juma'a, dattawa su shiga tsakani, a yi sulhu ko a rabu a gina wani masallaci. Kaɗan ne daga ciki yake shiga takarda. Wanda yake so ya ga an yi wannan jayayya a rubuce har gindinta, lauyoyi suna kawo hujja alƙalai suna aunawa fiye da shekara ɗari, sai ya duba Indiya.

Yawancinmu mun san haikalin Hindu daga fina-finan Indiya: ƙararrawa, furanni, fitila, da mutum mai zare a kafaɗa yana miƙa wa masu sujada abin da aka tsarkake. A can cikin haikalin akwai ƙaramin ɗaki inda gunki yake. Masu bin addinin sun gaskata cewa bayan an yi bikin keɓewa, abin bautarsu yana zaune cikin siffar nan. A manyan haikalai na kudancin Indiya ba mai shiga ɗakin ya taɓa siffar sai firist, wanda suke kira arcaka. Ga katangar Barbushe ta dawo. Dokokin wannan hidima suna cikin tsofaffin littattafai da ake kira Agama, firistocin kuma kusan dukansu daga wasu gidajen Brahman suke, wato ajin haihuwa mafi ɗaukaka a tsarin jama'ar Hindu.

Sunan da suke ba wannan haƙƙi na gado shi ne mirasi. Ɗalibin da ya zauna kusa da malaman zaure zai gane kalmar, domin daga Larabci take, ita ce ta ilimin mirasi, wato rabon gado. Ta shiga harsunan Indiya ne a zamanin sarakunan Musulmi. Kalmar kanta ta tona asirin maganar, gama hidimar tana tafe da dukiya: kaso daga baikon masu ziyara, kaso daga abincin da aka miƙa, wani lokaci har da gona.

Turawan Kamfanin Gabashin Indiya sun fara sa hannu a harkar. A 1817 gwamnatinsu ta Madras ta ɗora wa hukumar haraji kula da dukiyar haikalai. Masu mishan da magoya bayansu a Ingila suka yi ta kuka cewa gwamnatin Kirista tana renon bautar gumaka, har aka tilasta wa Kamfanin ya janye. A 1843 aka miƙa babban haikalin Tirupati ga shugabannin wata zawiyar Hindu, a 1863 kuma aka yi dokar da ta fitar da gwamnati daga gudanar da wuraren ibada. Abin da masu kukan ba su hango ba shi ne, da jami'in haraji ya fita, alƙali ne ya shiga. Duk gardamar da a da ake kashewa a ofis sai ta koma kotu.

Alƙalan kuwa da kayan aikin da suka saba suka zo, wato dokar dukiya. Suka ɗauki matsayin firist na gado a matsayin kadara, kamar gida ko gona. 'Yan'uwa suna iya raba kwanakin hidima a tsakaninsu, wannan ya ɗauki kwana kaza, wancan kwana kaza, kowa ya kwashi baikon ranarsa. A 1925 majalisar ɗaukaka ƙara ta London ta tabbatar cewa gunki kansa yana da matsayin mutum a gaban shari'a, yana mallakar dukiya, ana shigar da ƙara da sunansa. A 1955 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa mace tana iya gadon matsayin firist ko da al'ada ta hana ta yin hidimar da hannunta, sai ta sa wakili ya yi, ita ta karɓi rabon. Wannan hukunci daidai yake bisa dokar gado. Amma ya nuna inda hanya take kaiwa idan aka mai da hidima kadara: mai haƙƙi daban, mai aiki daban.

Bayan 'yancin kai, Tsarin Mulkin 1950 ya zo da alkawura biyu da ba sa zama lafiya da juna. Sashe na 25 da na 26 sun ba kowa 'yancin addini, sun ba kowace ɗarika ikon gudanar da al'amuran addininta. Amma sashe na 25 ɗin ya bar wa gwamnati ikon tsara harkokin kuɗi da na duniya da suke manne da addini, da ikon buɗe haikalai ga dukan azuzuwan Hindu. Sashe na 17 kuma ya haramta al'adar ƙyamar taɓa wasu mutane saboda haihuwarsu. A shari'ar zawiyar Shirur ta 1954, alƙalai bakwai suka kafa ma'auni: abin da yake jigon addini, bisa koyarwar addinin kansa, gwamnati ba ta taɓa shi, amma gudanar da dukiya tana iya tsara shi. Daga ranar, kowace shari'a ta koma tambaya ɗaya: gadon firist jigon addini ne, ko harkar duniya?

A jihar Tamil Nadu ne aka fi gwabzawa. Can akwai wani dattijo mai suna Ramasami, wanda ake kira Periyar, da ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da fifikon Brahman. Shi kansa bai gaskata da Allah ba, duk da haka ya dage cewa kowane Hindu da ya koyi aikin ya cancanci shiga ɗakin nan na ciki, domin a ganinsa ƙofar ɗakin ce wurin ƙarshe da ake ce wa mutum haihuwarsa ƙazanta ce. Dokar haikalai ta 1959 ta ce idan matsayi na gado ne, wanda yake biye a layin gado shi za a naɗa. A 1970 gwamnatin Karunanidhi ta gyara wannan sashe ta cire gado. Firistoci suka garzaya Kotun Ƙoli.

Hukuncin, wanda aka sani da shari'ar Seshammal, ya fito a watan Maris 1972, kuma ya cancanci a karanta shi a hankali. Alƙalai biyar suka ce naɗa firist aikin duniya ne. Amintaccen haikali ne yake naɗa shi, firist ma'aikacin haikali ne, ana iya hukunta shi, don haka majalisa tana da ikon soke gado. Gwamnati ta ci shari'a ke nan. Amma a cikin hukuncin suka ƙara da cewa inda littattafan Agama suka ce sai ɗan wata ɗarika ko wani rukuni ne zai taɓa siffar, dole a bi, domin masu sujada sun gaskata cewa taɓawar wani dabam tana ƙazantar da ita, wannan kuwa jigon addini ne. Sakamakon shi ne ɗa ba shi da haƙƙin kujerar ubansa, amma wanda za a ɗauko a maimakonsa daga cikin dangin nan dai zai fito. An kori gado ta ƙofa, ya dawo ta taga sanye da rigar koyarwa. Periyar ya rasu a watan Disamba 1973 bai ga abin da ya nema ba.

A jihar Andhra Pradesh maganar kuɗi ce ta fi fitowa fili. Haikalin Tirupati yana cikin wuraren ibada mafi arziki a duniya, gidaje huɗu ne kuma suke riƙe da hidimarsa ta gado. Dokar 1987 ta soke mirasi, ta mai da firistoci masu karɓar albashi. A 1996 Kotun Ƙoli ta goyi bayan dokar, ta bambanta hidimar kanta, wadda addini ce, da mai yin hidimar da ladansa, waɗanda ta ce na duniya ne. Sai dai dokar ba Tirupati kaɗai ta shafa ba. Akwai dubban ƙananan haikalai na ƙauye waɗanda abin da suke samu bai isa albashi ba, iyalin firist ne suke riƙe da su saboda suna ganin amanar kakanni ce. Da aka cire gado, abin da yake riƙe da su ya raunana. A 2007 majalisar jihar ta gyara dokar ta mayar wa gidajen firistoci wasu haƙƙoƙi. A ganina wannan ne darasin da masu gyara suka fi saurin mantawa: gadon da yake zama ganima a babban wuri, shi ne yake sa a share ƙaramin wuri a kunna fitilarsa. A 2018 kuma hukumar Tirupati ta yi wa firistocin da suka haura shekara 65 ritaya, har da babban firist, aka sake komawa kotu, domin mai gado bai san ritaya ba, sai mutuwa ko gajiya.

Watan Janairu 2014 ya ba mu hukunci biyu da suka fuskanci gabas da yamma. A garin Pandharpur na jihar Maharashtra, gidajen Badve da Utpat sun yi shekara arba'in suna yaƙi da dokar 1973 da ta soke haƙƙinsu, suka sha kaye. A garin Cidambaram na Tamil Nadu kuwa, firistocin da ake kira Dikshitar suka karɓe haikalinsu daga hannun jami'in gwamnati. Abin da ya taimake su shi ne tun 1951 Babbar Kotun Madras ta amince cewa su ɗarika ce mai zaman kanta: ƙaramar jama'a ce da take aure a tsakaninta, rayuwarta duka tana kewaye da haikalin nan guda. Wanda ya zo kotu yana cewa wannan gadona ne ya faɗi. Wanda ya ce wannan bangaskiyarmu ce ya tsaya.

Ta ɗaya gefen ma an samu ci gaba. A 2002 Kotun Ƙoli ta tabbatar da naɗin wani firist da ba Brahman ba a wani haikali a jihar Kerala, ta ce horo da sanin aiki su ne ma'auni inda ba a nuna wata tabbatacciyar ƙa'ida ta haikalin ba. A 2006 Karunanidhi, da ya dawo mulki, ya ba da umarni cewa kowane Hindu mai horo yana iya zama firist, aka buɗe makarantu shida. Samari kimanin 200 daga azuzuwa dabam dabam suka gama karatu a 2008, sai shari'a ta tsayar da naɗinsu. Suka jira. A watan Disamba 2015 Kotun Ƙoli ta bar umarnin gwamnati a tsaye, amma ta maimaita cewa a bi Agama, a kuma duba kowane naɗi shi kaɗai in an yi ƙara. Sai a watan Agusta 2021 gwamnatin Stalin, ɗan Karunanidhi, ta miƙa wa 24 daga cikin masu horon takardun kama aiki. Shekara guda bayan haka Babbar Kotun Madras ta ce a kafa kwamiti ya tantance haikalan da aka gina bisa Agama, domin su dokarsu dabam ce. Wato alƙalan gwamnati, waɗanda suka ce ba za su taɓa koyarwa ba, sun wayi gari su ne suke sa a bincika musu littattafan koyarwa.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba baƙo ba ne ga irin wannan ƙara. A Ezra 2:61-63, zuriyar Habaya da Hakkoz da Barzillai sun dawo daga bauta suna cewa su firistoci ne, aka nemi sunayensu a littafin asali ba a samu ba. Mai mulki ne ya yanke hukunci, hukuncin kuma ya taɓa abinci: kada su ci daga abubuwa mafi tsarki sai an sami firist mai Urim da Tummin. Asali, da rabo, da hukuma, da jiran wanda zai faɗi gaskiyar al'amari, duka suna cikin ayoyi ukun nan. Ibraniyawa 7 ta kafa firistancin Almasihu a kan wani tushe wanda ba na zuriya ba, shi ya sa ikkilisiyoyinmu ba su da koyarwar da ɗan fasto zai riƙe ya ce mumbari nasa ne. A wannan fuska matsayin fasto ya fi kusa da na liman fiye da na arcaka: in gado ya shigo, ta hanyar sabo da gida da dukiya yake shigowa.

Kotunan Nijeriya ma sun ɗanɗana irin wannan, kuma hanyar da suka bi ta yi kama da ta Indiya, wato su bar koyarwa su kama takarda. Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na ƙasa, sashe na 38 ya ba da 'yancin addini, amma ikkilisiya ko masallacin da ya yi rajistar amintattu ya shiga ƙarƙashin dokar kamfanoni. Shi ya sa aka yi ta hayaniya a 2020 kan sashe na 839 na sabuwar dokar, wanda ya ba hukumar rajista ikon dakatar da amintattu a wasu yanayi. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta ƙi amincewa da shi, hujjarta kuwa kusan ita ce ta zawiyar Shirur.

Misali mafi bayyana shi ne na ikkilisiyar Selestiyal. Wanda ya kafa ta, Samuel Oshoffa, ya rasu a watan Satumba 1985. Aka ɗora Alexander Bada a kan kujerar, wani babba a ikkilisiyar mai suna Owodunni ya kai ƙara. Shari'ar ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a shekara ta 2000 ta yanke cewa naɗin Bada bai bi tsarin mulkin ikkilisiyar ba. Alƙalan ba su ce ga wanda Ruhu ya zaɓa ba, rubutacciyar ƙa'idar da ikkilisiyar ta yi wa kanta suka karanta. Bada ya rasu a cikin shekarar nan. A ƙarshen 2002 amintattu suka ɗauko Emmanuel Oshoffa, ɗan wanda ya kafa ikkilisiyar, suka naɗa shi, da fatan sunan gidan zai haɗa kan jama'a. Wasu ɓangarori suka ƙi, kowanne ya tsayar da nasa shugaba, aka sake komawa gaban alƙali.